Ranar da Mai Makulli Ya Buɗe Gidansa

Kwaɗo na huɗu yake ɗaura wa ƙofar gidansa lokacin da ruwan ya iso bakin layi. Bai zo da ƙara ba, bai zo da gudu ba. A hankali ya shigo, kamar baƙon da ke neman gidan da aka kwatanta masa, yana leƙa kowace kwata, gajimare na kwance a bayansa. Mai makulli ya tsaya da guduma a hannu yana kallo. Komai ya yi masa nisa-nisa, har muryar matarsa da ke kiransa daga tsakar gida.

Tun shekaranjiya aka bi unguwa da lasifika ana cewa za a saki ruwan madatsa, kowa ya tashi kafin la'asar ɗin yau. Layin ya watse. Tela ya tafi da kekensa a ka, mai shayi ya bar bencinsa a kife. Shi kuwa mai makulli cewa ya yi ba inda za shi. Shekara talatin da ɗaya yana yanka makulli a ɗan shagon da ke jikin gidan, kuma mutum ne da in an ƙyale shi ko tukunyar miya sai ya sa mata kwaɗo. Gidan nan bulo-bulo ya tara shi har shekara goma sha tara. Shi ne duk abin da ya mallaka a duniya, kuma yana son sa so mai tsanani. Ya toshe ƙasan ƙofar da buhunan yashi, ya shirya kwana a kan rufi da tocila da gora.

"Malam," in ji matarsa, ta fito tana dafa bango saboda gwiwoyinta, "surukinka yana ta hon tun ɗazu. Ya ce in ruwa ya kai gada ba mai wucewa."

"To ki shiga mana, Hajiya. Ai na ce ki je wurin 'yarki."

"In bar ka a kan kwano kamar zakara? Ƙafarka ƙafata."

Ya san in ta faɗi haka ta gama magana. Sai ga tsohon magini, maƙwabcinsu, yana tahowa cikin ruwa, wando a naɗe, buta a hannu ɗaya, cokalin gini a ɗayan. Ya tsaya ya ƙare wa ƙofar kallo daga sama har ƙasa.

"Wa kake kulle wa?"

"Ɓarayi. An ce da kwalekwale suke yawo."

"Ruwan fa? Shi ma ka yanka masa makulli?" Magini ya buga katangar da cokalinsa. "Ni na gina wannan. Na san simintin da na zuba mata, na kuma san wanda ka hana ni zubawa. In ka toshe ƙofa, ruwa zai taru a waje, ciki wayam. Jingina zai yi da katanga har ya kwantar da ita a kan ɗakunanka. Buɗe masa za ka yi, gaba da baya, ya shiga ya fita. Bango in ruwa ya riƙe shi ciki da waje, ya fi tsayawa."

"In buɗe? Ni?"

"Kai ɗin dai."

"In na buɗe gidan zai tsaya?"

"Ban ce ba. Na ce ya fi. Tsayawa ta Allah ce." Ya juya wajen matar. "Hajiya, akwai wuri a bayan motar nan? Ƙafafuna sun fara sanyi."

Mai makulli ya daɗe a tsaye. Wani faranti ya zo wucewa a kan ruwa yana juyi, da kaza a ciki, ta natsu abinta kamar ta biya kuɗin mota. Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Daga nan ya ajiye gudumar ya fara cire kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya, ya janye buhunan yashin. Ruwan ya ɗan dakata a bakin ƙofa, sannan ya tsallako.

Mai makulli ya riga ruwan shiga ciki. Ya buɗe falo, ya buɗe ɗakinsa, ya buɗe ɗakin ajiya da rabon a buɗe shi gaba ɗaya tun bara. Kowace ƙofa da kukanta, kuma duk ya san su. A ɗakin da aka haifi 'yarsu ya ɗaga labule ya tura taga, haske ya faɗo a kan ruwan da ya biyo shi, ya tashi yana rawa a jikin silin. Sai ya ga kamar gidan ne gaba ɗaya yake numfashi. Ya ji kamar yana jin gudun yarinyar a tsakar gida, da ƙarar bokiti, da muryar mahaifiyarsa tana faɗan an bar mata murfin randa a buɗe, ita da ta rasu shekara goma sha ɗaya. Bai ji tsoro ba. Kewa ce ta kama shi, mai daɗi-daɗi, har ya manta da hon ɗin da ake yi masa.

Ya buɗe ƙofar baya. Ruwan ya ratsa tsakar gida ya same ta, ya fita, yana jan silifa guda da ganyen darbejiya. Abin ya yi masa kyau ƙwarai. Aiki ne ya tafi daidai yadda aka tsara, kuma babu abin da ke kwantar wa mai sana'a hankali kamar wannan. Ya fito yana cewa a ransa ya miƙa wa Allah komai. Gaskiyar magana, maginin ya miƙa wa, don tun a zaure yake lissafin yadda ruwa zai riƙe bango ciki da waje.

Motar surukinsa akori-kura ce, an cika bayanta da katifu da buhuna, magini na zaune a kai da butarsa. Matar ta zauna a tsakiya, shi a bakin taga. Suka bi titi ruwa na tsagewa gefe biyu. Shagunan kasuwa duk a rufe, kowanne da inuwarsa a kife a ƙarƙashinsa, har mutum ya rasa wanne ne na gaske. Fitilar kan hanya na ta canja launi ba wanda take tsayarwa. A bakin gada ma'aikata masu riguna masu ƙyalli suna ɗaga hannu a yi sauri, ruwa ya fara lasar kwalta.

Sun haye ke nan ya kai hannu ƙirjinsa don ya gyara riga, sai ya ji ƙarfe. Ya zaro. Makullin ƙofar gida ne, na jikinta, ba na kwaɗo ba. Wannan makulli ba ya shiga aljihun gaba sai an kulle ƙofa da shi. In tana buɗe, a jikinta yake kwana. Ya yi ta kallonsa. Ya nemi lokacin da ya fito daga zaure a cikin kansa, bai samu komai ba sai haske a kan ruwa.

"Hajiya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "na kulle ƙofar gaba?"

"Ka kulle."

"Kin gani?"

"Da idona. Ka ja ta, ka murɗa sau biyu, ka girgiza ta ka ji ko ta kama. Kamar kullum. Har bismilla ka yi."

"Kika yi shiru?"

"Na yi." Ba ta kalle shi ba, gabanta take kallo. "Da na faɗa da ka koma. Da ka koma da ka ga wani abin gyara, daga nan sai kan kwano. Ni ba gida na zo fitarwa ba, Malam. Kai na zo fitarwa."

Surukin ya taka birki ya gangara gefe. Ya leƙa madubi, ya share gumi.

"Baba, in ka ce a juya sai in juya. Ina ga za mu iya shiga. Fitowar ce ban sani ba."

Magini ya sunkuyo ta 'yar tagar baya. "Lafiya muka tsaya?"

"Baba ne ya kulle ƙofar gaba."

Tsohon ya janye kansa daga tagar. Ya koma kan katifa ya rungume butarsa.

Mai makulli ya juya ya dubi baya. Unguwar tana can ƙetare, rufin gidaje jere a kan ruwa mai sheƙi, tattabaru na kewaya su. Bai iya gane nasa ba. Ya san dai yanzu haka ruwa ya fara jingina da katangar, a hankali, ba gaggawa. Ya kulle, ya buɗe, hannunsa ya sake kullewa bai shawarce shi ba. Dabara ta ƙare masa kaf, kuma abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, hawaye na zubo masa ba tare da ya yi niyyar kuka ba. Ya dubi gwiwoyin matarsa da suka kumbura, ya dubi surukinsa riƙe da sitiyari.

"Mu je," ya ce. "Allah na can."

Surukin ya sa giya. Sun ɗan yi tafiya, mai makulli ya kamo hannun matarsa ya buɗe shi, ya ɗora mata makullin a tafi.

"Riƙe mini wannan, Hajiya. Nauyi gare shi."

Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, motar ta ci gaba da hawa tudu.