Belun Kamila

Tun da aka haifi Kamila nono ke fito mata ta hanci, domin ganɗarta a tsage take har cikin maƙogwaro. A asibitin Katsina likita ya nuna wa uwarta Rahamatu siffar bakin yarinyar a kwamfuta, yana jujjuya ta kamar ƙwarya. Ya nuna mata belun da ya rabu biyu, ya ce da naman wurin za a ɗinke tsagar, kada ta bari aska ta taɓa shi.

Surukarta Iyatu ba ta yarda ba. A garinsu Yashe, jaririn da nono ke shaƙewa wanzami ake kira masa.

Ranar da Bishir mijin Rahamatu ya tafi kasuwar Kankia, tana dawowa daga rijiya ta jiyo kukan 'yarta. Ta saki tulun ya fashe. A tsakar gida ta tarar Iyatu ta danne yarinyar a cinya, Jaji wanzami, riƙe da aska, ya cusa mata kara a baki.

"Belu biyu!" in ji Jaji. "Ai dole ta shaƙe. Riƙe ta da kyau."

"Inna, likita ya hana."

"Likitan ne ya haifi ubanta? Matsa can, marar kunya!"

Rahamatu, wadda ko ido ba ta taɓa haɗawa da surukarta ba, ta rarumo taɓarya. Ta sauke ta a hannun Jaji, ƙashi ya ce ƙas, askar ta yi tsalle cikin toka. Ya kurma ihu, ya kai mata naushi da ɗaya hannun, haƙorinta ya fita. Iyatu ta ajiye jikar, ta cakumi gashin Rahamatu, ta gwara kanta da turmi. Jini ya rufe mata ido. Ta gantsara wa tsohuwar cizo a damtse har sai da ta sake ta.

Da rarrafe ta isa ga 'yarta. Akwai jini a bakin. Ta share da gefen zane, ta juya ta wajen rana, ta leƙa. Kara ne ya yage dasashi. Belun na nan, duka biyun.

"Kika fita gidan nan, kin fita ke nan," in ji Iyatu tana haki.

Rahamatu ta tofar da jini, ta goya Kamila, ta ɗaure majanyi tamau, ta nufi bakin titi.