Inna Ba Ta Ci Sai Na Ci

Takarda biyu likitar abinci ta ajiye mini a kan tebur, ta ce in zaɓa. Ta farko ta rage sitaci ce kawai: shinkafa ƙaramin kofi ɗaya, burodi yanka ɗaya, rabin lemo, wake kaɗan. Ta biyu ita ce ake kira kito. A wannan, duk sitacin da zai shiga cikina a yini bai wuce giram ashirin zuwa talatin ba, abin da cokali biyar na shinkafa zai cinye shi tas. Sauran sai mai da ƙwai da kifi da ganye, har jiki ya haƙura da suga ya koma ƙona kitse. Ta ce ta farkon tafiyar hawainiya ce amma ana daɗewa a kanta. Ta biyun tana saurin saukar da suga, sai dai ba ta son wasa, kuma ba zan fara ba sai likitana ya rage mini magani.

Ni kuwa tun ina yarinya ba a taɓa ba ni zaɓi na ɗauki mai sauƙi ba. Ga shi likitan ido ya riga ya tsinka mini zuciya, wai sugan ya fara taɓa jijiyoyin bayan idona. Shekara ashirin da shida ina ɗinkin labule, in ido ya tafi ina zan sa kaina? Na ja takarda ta biyu na ninke. Ta tambaye ni da wa nake cin abinci a gida. Na ce ni da mahaifiyata ne, tsohuwa ce, ba ta da matsala, abin da aka ba ta shi take ci. Da bakina na faɗi haka.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu. Inna ta haura tamanin, kuma shekara uku ke nan mantuwa tana cin ta a hankali. Tana iya tambayar yau wace rana sau biyar kafin in gama ɗaura ɗankwali. Da rana maƙwabciyarmu ta ƙasa ke hawowa ta ba ta abincin da na bari, ta zauna da ita kaɗan. Da yamma kuwa ni da ita ne a ƙaramin tebur na bakin taga, faranti ɗaya, cokali biyu. Haka muke tun da aurena ya mutu na dawo wurinta.

Ranar da na fara, na raba kantar kicin biyu. Ɓangaren Inna shinkafa da taliya da burodi da madarar gwangwani. Nawa ɓangaren man zaitun, man shanu, ƙwai, gyaɗa, da ƙaramin sikeli na awon abinci. Farantin ma na raba. Na zuba wa Inna shinkafarta da miya, ni kuma na zauna da soyayyen ƙwai uku da kabeji da rabin fiya. Ta dubi nata, ta dubi nawa, ta ce ina tawa shinkafar. Na yi mata bayanin likita da suga da ido dalla-dalla. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya sawwaƙe. Washegari ta sake tambaya, na sake bayani.

Makon farko na ga ta kaina. Ciwon kai kamar ana buga mini guduma, ƙafafu suna ɗaurewa, bakina yana wani wari kamar maganin goge farce. A wurin aiki na ɗinke gefen labulen wani otal baibai har mita shida, sai da na zauna na farke shi da reza. Mu biyar ne a shagon. Mai yankanmu, wadda muke kira Sarauniya saboda ba ta taɓa sunkuyawa ta ɗauki abin da ya faɗi, ta ce ita fa ba ta taɓa ganin mai neman rama da man shanu ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da ƙarfe ɗaya in suka ture yadi suka baje abinci a kan teburin yanka, kowa tana miƙa hannu cikin na kowa, ni sai in ja kujera in koma gaban kekena da 'yar robata. Da farko suna kirana. Da na ce a'a sau goma suka daina, kuma ban ga laifinsu ba. Wallahi dainawar ta fi mini ciwo a kan yunwar.

Likitar ta ce in ƙara gishiri da ruwa, ciwon kan zai wuce. Ya kuwa wuce. A kwana na tara tsinken gwajin fitsari ya rine ya koma shunayya mai duhu, alamar jikina ya shiga ƙona kitse. Na fito daga banɗaki da shi a hannu ina neman wanda zan nuna wa. Inna tana falo tana ninke tawul ɗaya da ta riga ta ninke. Na kira ƙanena da ke can wani gari mai nisa, ya ce madalla, Yaya, yana tuƙi ne, zai kira. Na jefa tsinken a kwandon shara na ɗora ruwan shayi.

Wata ɗaya da rabi, sugan safe ya sauko inda bai taɓa zuwa ba cikin shekara bakwai. Hazon da nake gani in na zura zare ya ragu. Na rage inci biyu a ƙugun siket ɗina ina ta jin kaina, ina cewa masu cin rabin kofin shinkafa ai wasa suke yi. A makon ne na zo sa wa Inna rigarta mai maɓalli, na ga kafaɗar ta zamo. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon tela. Na ɗauko tef na auna ta. Inci uku ta rasa a ƙirji, ban sani ba, ni da nake kwana da ita a gida ɗaya.

Na sauka na tambayi maƙwabciya, har da ɗan faɗa a muryata. Ta rantse kullum farantin Inna fes take samunsa. Ta ce sai dai in ta ajiye mata takan sauka ta duba tukunyarta, kafin ta dawo an gama. Da yamma kuwa na san Inna tana tsakura ne kawai, amma na ɗauka cin rana ne ya riƙe ta.

Tururuwa ce ta tona asirin. Ranar hutu ina shara na ga layinsu ya bi gindin bango ya hau gadon Inna. Na ɗaga filo, na zare rigarsa. Ƙulli-ƙulli ne a cikin hankici da ledar burodi: shinkafa ta bushe, taliya ta yi kore, burodi ya yi tauri. Akwai wasu a aljihun rigar sanyinta, akwai a ƙasan durowa cikin ɗankwalaye. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Na ce wannan wace irin ƙazanta ce, so take ta jawo mana ɓera?

Ta dube ni ba tsoro ba haushi. Ta rage murya kamar akwai mai jin mu.

"Naki ne," ta ce. "Na ga abin ya ƙare mana. Ke kike fita aiki, ki ci. Ni na ƙoshi."

Na zauna a bakin gadon da ƙullin a hannuna. Mu huɗu Inna ta rena ita kaɗai bayan rasuwar Baba, kuma duk ranar da tukunya ta gaza, sai ta zuba mana ta ce ita ta ci a kicin. Sai da na girma na gane ba ta cin komai. Bayanin suga da ido duk ya zube daga kanta tun daren farko. Abin da ya zauna shi ne abin da take gani: 'yarta tana zuba mata shinkafa, ita tana cin ganye, tana ramewa. A lissafin Inna wannan ma'anarsa ɗaya ce tak.

Ba dabarar da ban yi ba. Na buɗe mata kantar kicin na nuna mata buhun shinkafa cike, ta shafa shi ta ce alhamdu lillahi, da yamma ta manta. Na goga farin kabeji ya zama ƙwaya-ƙwaya na soya, na zuba a gefen farantinta a matsayin tawa shinkafar. Ta sa yatsa ta murza, ta ce wa zan yi wa wayo. Na gwada kai cokali baki in tofar a cikin tishu, ta kama ni a cokali na biyu, ta ajiye nata. Na koma cin nawa a tsaye a kicin don kada ta gani, in fito in ce mata na ci. Ranar ko tsakurar ba ta yi ba. Ai ita ta ƙirƙiro wannan ƙaryar, ba a kanta zan gwada ta ba.

Na ɗora ta a sikelin banɗaki, na riƙe mata hannu. Kilo huɗu da rabi ta rage. Ga tsohuwar da dama iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka.

Na koma wurin likitar abinci ba tare da ranar ganinta ta yi ba. Na tambaye ta ko zan iya cin shinkafa da yamma kawai, tare da Inna, in ci gaba da kito sauran yinin. Ta ce kofi ɗaya ya isa ya fitar da ni, jiki zai koma neman suga, in ina shiga ina fita wahalar makon farko zan yi ta maimaitawa. Abin da nake kwatantawa, in ji ta, shi ne tsarin takarda ta farko, kuma ba abin raini ba ne. Sugan zai ɗan hau, wataƙila a mayar mini da wani maganin, za a riƙa duba idon akai-akai. Na ce ta yi mini alkawarin idon ba zai lalace ba. Ta ce ba ta da wannan alkawarin, ko a kan kito ma ba ta da shi.

Na fito ina jin haushin kowa. Haushin likita, haushin Inna, haushin ƙanena da na kira daga tashar mota ya ce shi dai duk abin da na ga ya dace in yi, ni ce babba. To, ni ce babba. Gaba kura baya sayaki, kuma ba wanda zai zauna kusa da ni ko na minti biyar ya ce mu duba tare. Kwana hamsin da biyu na yi ban haɗiyi ƙwayar shinkafa ba. Ban taɓa riƙe wani abu don kaina haka ba a rayuwata, kuma ba na son in sake shi. A cikin bas na yi kukana, fuskata a jikin gilashi, na share kafin in sauka.

Da yamma na dafa shinkafa. Na auna nawa rabon a ƙaramin kofi, na kife shi a gefe ɗaya na babban faranti, na zuba na Inna a ɗaya gefen, na sa miya da kifi da kabeji a tsakiya. Na zaunar da ita, na gyara mata tawul a ƙirji. Na cika cokali na kai baki ina kallonta, na tauna a hankali don ta gani, na haɗiye. Zaƙinta ya ba ni mamaki, kamar an barbaɗa mata suga.

Inna ta bi cokalin da ido har sau uku. Sannan ta ɗauki nata. Ta ci, ta ƙara, ta ɓare kifi da yatsa ta cire ƙaya, ta nemi ruwa. Na miƙa mata. Ta ci fiye da abin da ta ci a mako guda, har gumi ya tsatso mata a goshi.

Da ya rage kamar cokali huɗu, sai ta tsaya. Ta tattara su da bayan cokali wuri ɗaya, ta ɗora sauran kifin a kai, ta turo farantin gabana. Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙuwa mai kirki.

"Baiwar Allah, kin iya girki," ta ce. "Taimaka ki rufe mini wannan. 'Yata ta kusa tasowa daga aiki, kwana biyu ba ta samun abinci."

Na ce to, Inna. Na tashi na ɗauko murfi na rufe.