Ciwon Osbert a Fatar Tunkiya

Duk ƙauyen Brackwold babu mai lafiyar Osbert. Ya haura hamsin, amma shi kaɗai yake saɓa buhun sha'ir ya haye tudu da shi yana fito. Abu ɗaya ne ya gagare shi ɗauka: zaman kotun ubangidan ƙasa. Duk bayan mako uku ake yin ta a babban zaure, kuma duk mai riƙe da gona dole ya je ya wuni yana sauraron aladen wa ya ci waken wa.

To, al'ada ta bar 'yar ƙofa. In ba ka da lafiya, ka aiko maƙwabci ya faɗa a madadinka, har sau uku a jere, na huɗu ka zo da ƙafarka. Osbert ya rungumi ƙofar nan hannu bibbiyu. Yau ya aiki amininsa Hamo, gobe wani, ladan ɗan aike tulun giya, shi kuwa yana can bayan garma. Magatakarda, bawan Allah, ba ruwansa. Abin da aka faɗa shi yake rubutawa a fatar tunkiya, a ɗinke ta da 'yar'uwarta, a naɗe, a jefa akwati. Shekara goma sha ɗaya ana haka, Osbert bai taɓa ganin an buɗe akwatin don a ɗauko wani abu ba.

Sai ubangida ya turo sabon wakili, wani siririn mutum mai jarabar karatu. A zaman da ya zama dole Osbert ya halarta, Ranulf ɗan ƙaninsa marigayi, magidanci mai 'ya'ya huɗu ba ko taƙin gona, ya miƙe ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, tausayin Baffa ne ya tashe ni. Ciwo ya ci ƙarfinsa. Al'ada ta ce wanda ya gaza ya miƙa gona ga magajinsa, a ba shi ɗaki da abinci."

Osbert ya tuntsire da dariya. "Ni? Kai, zo nan in ɗaga ka da hannu ɗaya, ɗan banza!"

Wakili bai ko murmusa ba. Ya sa aka warware fatun a kan tebur, suka zubo har ƙasa, magatakarda ya bi da yatsa. Zazzaɓi. Ciwon baya. Ciwon baya kuma. Ƙafa ta kumbura. Wata shekarar har an ce ba ya gane mutane, aikin Hamo ke nan ranar da giyar ta yi daɗi.

"Sau ɗari da arba'in," in ji wakili. "Dattijo, ko dai kai majinyaci ne, ko kuwa an yi wa kotun nan ƙarya sau ɗari da arba'in, kuma sunan kowane ɗan aike yana nan. Mai yi wa kotu ƙarya, ɗauri a turu a bainar jama'a ne makomarsa. Bari mu ji daga masu rantsuwa."

Osbert ya juya ga masu rantsuwar, dattawa goma sha biyun da ke kan benci. Tara daga cikinsu sun sha giyarsa. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido. Hamo, babbansu, ya ƙura wa azarar rufi ido kamar yau ya fara ganin ta.

"Wallahi, ranka ya daɗe," ya ce, "yana fama. Dauriya ce kawai irin tasa."

Sauran suka gyaɗa kai, har da masu sauke ajiyar zuciya don tausayi.

Nan take aka rubuta: gona da shanun noma biyu na Ranulf ne. Osbert yana da ɗakin ƙurya, da kunu safe da yamma, da takalmi ɗaya duk shekara. Gonar da ya tsince wa duwatsu da hannunsa tun yana saurayi ke nan.

A bakin zaure Hamo ya riƙo masa hannu.

"Sake ni, munafuki."

"Don girman Allah, Osbert, wakili na kallo ta taga. Ɗan ɗingisa mana, ko kaɗan ne."

Osbert ya dubi amininsa na shekara arba'in, gemu duk furfura, mutumin da ba zai wuni a turu ya tashi da rai ba. Ya jingina da shi. Haka ya ɗingisa, mutane na yi masa sannu, har suka wuce ta gefen gonar, inda matar Ranulf ta riga ta fara auna kunyoyi da ƙafa.