Goma Sha Biyu da Goma

Tobiah Renquist yana da shekara talatin da huɗu sa'ad da ya fara kaiwa wasan ƙarshe na babbar gasar tanis, a New York, wata Lahadi cikin Satumba. Shekara goma sha shida ya yi yana yawo da jakar raket daga gari zuwa gari, bai taɓa wuce sahun 'yan takwas ba. Yayarsa Marnie ce ke horar da shi tun suna yara a Duluth.

Abokin karawarsa, Gael Arrieta, matashi ne bahago mai shekara ashirin da biyu, bakinsa ba ya hutawa. Da hantsi ya tarar da Tobiah a ɗakin canja kaya ana naɗe masa gwiwa.

"Tsoho, in abin ya kai zagaye biyar, in sa a kawo maka sanda?"

"Kai dai ci ka ƙoshi, yaro," in ji Tobiah. "Yau ba za ka koma gida da wuri ba."

Haka kuwa aka yi. Zagayen farko sai da aka je raba-gardama, Tobiah ya ɗauka. Na biyu ma haka, Gael ya rama. Suka raba na uku da na huɗu. Sa'ad da na biyar ya tsaya shida da shida, an shafe awa huɗu da minti hamsin, inuwa ta rufe filin, sai kujerun can sama ne ke ganin rana. Saura raba-gardama ta ƙarshe: wanda ya fara kai maki goma da ratar biyu, kofi nasa ne.

Tobiah ya yi mamakin yadda hankalinsa ke kwance. Ƙafafunsa sun yi nauyi, amma ƙwallon yana ganinta tar. Ya kai tara, Gael na da takwas. Maki ɗaya ya rage masa. Gael ya buɗe da bugu mai ƙarfi, Tobiah ya mayar, ƙwallon ta daki bakin raga, ta yi ɗan jim a sama, ta faɗo ɓangarensa. Tara da tara. Suka sauya gefe, ba wanda ya kalli wani.

A makin da ya biyo baya Tobiah ya rugo kusa da raga. Gael ya zabgo ƙwallon ta damarsa, Tobiah ya miƙa hannu, ta wuce shi, ta dira bayan layi da kamar taƙi guda. Na'urar duba layi ta ce waje. Filin ya ɗauki sowa, alƙaliyar wasa ta ce goma da tara, Tobiah ke gaba, kuma bugun buɗewa nasa ne.

Shi kuwa yana tsaye yana kallon raket ɗinsa. Ya ji ta. Ƙwallon ta shafi gefen raket ɗin kafin ta wuce, shafa kaɗan, kamar ƙuda ya sauka ya tashi. A cikin hayaniyar nan ba wanda ya ji. Gael har ya juya ya nufi tawul ɗinsa, kansa a ƙasa. Tobiah ya ɗaga ido ya hango Marnie ta miƙe tsaye, hannuwanta biyu a ka. Ya yi tunanin yin shiru, ya kuma san zai iya. Sai dai ƙafafunsa sun riga sun nufi kujerar alƙaliya.

"Ranki ya daɗe, na taɓa ta."

Ta rufe makirufo da tafin hannu. "Ka tabbata? Ni ban gani ba."

"A hannuna na ji."

Da ta sanar cewa makin ya koma na Gael, sai tafi ya ɓarke. Goma da tara, yanzu Gael ke gaba.

Tobiah ya ja numfashi, ya yi bugun buɗewa, ya sauke ƙwallo a kan layin tsakiya, Gael ko motsi bai yi ba. Goma da goma. Makin da ya biyo sai da suka yi ta mayar wa juna sau ashirin da shida, har ta Tobiah ta fita da faɗin yatsa. Na ƙarshen bai ɗauki lokaci ba. Goma sha biyu da goma.

A bakin raga Gael ya rungume shi. "Na rantse ban gani ba, Tsoho. Me ya kai ka?"

"Je ka gai da mahaifiyarka, ga ta can tana kuka. Ka buga wasa, yaro."

Bayan an gama jawabai, Marnie ta same shi a ɗakin canja kaya zaune da farantin azurfa na wanda ya zo na biyu a cinya. Ta zauna gefensa.

"Da ni ce, da na kama bakina," ta ce.

"Na sani, Yaya."

"Kada ka ce mini ka sani. Ka bar ni in ji haushinka na kwana biyu."

"Ɗauki uku."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta nuna masa takardar ƙididdiga: a wasan gaba ɗaya ya ci maki ɗari da tamanin da bakwai, Gael ɗari da tamanin da biyar. Ya duba, ya mayar mata. Ya ce yunwa yake ji, ko shinkafa da kaza ta ragu a ɗakin cin abinci? Ta tashi ta je dubawa.

Tobiah ya ƙara shekara biyu yana wasa, bai sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Sau da yawa 'yan jarida na tambayarsa ko ya yi nadama. Yakan ce wani lokaci da safe, yana wanke fuska, abin kan zo masa, ya ji zafi sosai, sannan ya wuce. Da ya ajiye raket ya koma Duluth, shi da Marnie suka karɓi wani tsohon filin tanis mai rufi kusa da tafki, suka gyara fitilunsa, suka fara ɗaukar ɗalibai.