Baƙar Waya a Karaban ɗin Abu Rashid

Shekara ashirin da biyu Yacouba yana gyaran wutar mota a Damagaram, kuma duk tsawon lokacin babu wanda ya taɓa koya masa inda ake ɗaura baƙar waya. Ja a kan ƙari, baƙa a kan ragi. Ko daga barci aka tashe shi, hannunsa zai yi wannan kafin idonsa ya buɗe.

Amma Dubai ba ta san Damagaram ba. A garejin Ras Al Khor inda ya samu shiga, gwajin wata guda aka ba shi: in ya yi, a yi masa bizar aiki, in bai yi ba, ya koma gida kafin ta ziyara ta ƙare. Yau Juma'a ce ranar ƙarshe. Mai yanke hukuncin kuwa Injiniya Salmanu ne, shugaban ma'aikata, Bakano, wanda Yacouba ya girme wa da shekara goma. Tsakanin Bakano da Badamagare kowa ya san wasa ne tun kaka da kakanni, Salmanu kuma bai taɓa bari rana ta faɗi bai karɓi rabonsa ba.

A tsakiyar gareji akwai karaban, wato tirelar nan mai ɗakin kwana da kicin da bayi da Larabawa ke ja zuwa sahara in sanyi ya shigo. Ta wani Abu Rashid ce, daga Amurka ya sayo ta. Tana da ƙafafun ƙarfe huɗu da famfon mai ke turawa ƙasa su daidaita ta a kan yashi, in an tashi tafiya a danna maɓalli su naɗe. Jiya Abu Rashid ya kawo ta, ya sauke ƙafafun da ɗan ƙarfin da ya rage wa tsohon batir, ya ce a sa masa sabo, zai zo da iyalinsa bayan sallar Juma'a. Yacouba ne ya sa batirin ana shirin tashi daga aiki. Minti biyar bai yi ba.

Da safe aka danna maɓalli, shiru. Ƙafafu huɗu sun kafe a siminti, allon maɓallan ko ƙyaftawa bai yi ba.

"To, Badamagare," in ji Salmanu, yana kurɓar shayi, "ga ranarka. Ko sai an aiko da amalanke daga garinku a ja ta?"

"Injiniya, ka sha shayinka. Aikin manya ne."

Ya ɗauko mitarsa, wata tsohuwa mai launin rawaya da ya zo da ita daga gida a cikin safa. Ya fara da batir: sha biyu da ɗigo shida, lafiya ƙalau. Ya duba man famfo, cike yake. Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ko wata waya ta tsinke, bai ga komai ba. Da ya buɗe akwatin fis sai ya tarar da biyu sun ƙone, har robarsu ta yi baƙi. Ransa ya yi fari. Ya sa sababbi, kafin ya janye yatsa sai ya ji tas, tas, duk sun sake tafiya.

Ya san wannan ƙarar. Jiya ma ya ji ta lokacin da yake ɗaure kan batir, ya ɗauka wani ne ya yar da sifana.

Salmanu ya leƙo, ya ga fis huɗu a ƙasa, wasan ya bar fuskarsa.

"Ƙwaƙwalwar ce ta ƙone," ya ce, yana nufin ɗan akwatin da ke ba famfo umarni. "Sai an yi odarta daga Amurka, sati uku. Khalas, shi ke nan. Bari in je ofis in kira Abu Rashid tun bai loda yara a mota ba."

"Don Allah ka ba ni minti goma, s'il te plaît."

"Goma. Agogon Kano, ba na Damagaram ba."

Yacouba ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashin tirela, inda famfon yake. Ya ɗora baƙin tsinken mita a jikin ƙarfen tirelar, jan kuma a kan ƙatuwar wayar da ke kawo wa famfo wuta. Sha biyu da ɗigo shida. Har zai janye sai ya ga wani ɗan layi a gaban lambar, ƙanƙane kamar tsinken sakace. Alamar ragi ce. Wutar a juye take shigowa.

Ya fito da rarrafe ya koma gun batir. Wayoyi biyu ne a nan, baƙa da fara, babu ja ko ɗaya. Jiya bai tsaya tunani ba: baƙa ai ragi ce, saura fara ta tafi kan ƙari. Yanzu ya kama farar ya bi ta da yatsa, taƙi biyu kacal, sai ga ta an ɗaure ta da ƙusa a jikin ƙarfen tirela. Ita ce ta ragi. Mutanen Amurka a tirelolinsu baƙar ce mai ɗauke da wuta. Kuma a jikin murfin akwatin, daga ciki, ga 'yar takarda an manna da Turancin Ingilishi, wadda Yacouba, ɗan makarantar Faransanci, ya kalla jiya kamar ado.

Kunya ta rufe shi har kunnensa ya yi zafi. Ya waiwaya. Salmanu na ofis, ya ba da baya. Sauran ma'aikata suna can ƙarshen gareji. Juya wayoyin ba zai ci minti biyu ba, daga nan sai ya fito yana karkaɗe hannu, a ce Badamagare ya tayar da abin da injiniya ya ce ya mutu. Babu mai sani har abada. Ya tuna Hannatou, matarsa, da ta gaya wa duk unguwa cewa yau za a ba shi takardar aiki.

Ya ɗauki sifana, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Abin da ya dame shi shi ne, a wannan gareji akwai wasu masu hannu irin nasa, kuma wata karaban za ta sake zuwa.

"Injiniya! Zo ka gani."

Salmanu ya zo da wayar salula a hannu. Yacouba bai taɓa komai ba, ya nuna masa farar wayar da inda ta ƙare.

"Ni na juya su jiya. A wurinmu baƙa ita ce la masse, wato ragi, ban duba ba. Laifina ne, ba na ƙwaƙwalwa ba. Ko ta tsira, ban sani ba tukuna."

Salmanu ya sunkuya ya duba batirin. Yacouba ya jira dariyar, ya san ta wannan karon sai an ji ta har can garin Sharja. Ba ta zo ba.

"Juya mu gani, Malam Yacouba," ya ce a hankali.

Ya juya su, ya ɗaure tam, ya sa fis na biyar da na shida. Shiru, babu tas. Ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Wata 'yar koriyar fitila ta kama, famfo ya yi gurnani, tirelar ta ɗan girgiza, sai ƙafafun suka fara barin siminti, na gaba tukuna, sannan na baya, har suka shige mazauninsu. Fis ɗin nan huɗu da suka ƙone su suka tare wa ƙwaƙwalwar. Yacouba ya zauna a kan taya.

Salmanu ya shiga ofis. Yacouba ya naɗe wayoyin mitarsa, ya mayar da ita cikin safa, yana lissafin yadda zai faɗa wa Hannatou. Sai ga Salmanu ya dawo ya jefo masa jan salatef.

"Naɗe baƙar da wannan, kada wani Badamagaren ya zo bayanka. Akwai irinta uku da za su shigo ranar Litinin, duk 'yan Amurka. Ba na son kowa ya taɓa batirinsu sai kai."

"Litinin?"

"Litinin. Ka taho da fasfo ɗinka." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Amma ka sani, wannan labarin sai na kai shi Kano da bakina."

"Ka kai shi har kasuwar Kurmi," in ji Yacouba, yana naɗa ja a kan baƙa. "Yalla, mu je masallaci, Injiniya, za mu rasa sahun gaba."