Kek ɗin Rumaisa a Motar Doki

Tun a unguwar Cheetham Hill, lokacin da Chloe ke miƙa masa makullin motar da take ɗaukar dokinta, jikin Malam Bara'u ya ba shi cewa yau sai an ji kunya.

Chloe ƙawar 'yarsa Rumaisa ce. Ta nuna masa ɗan firjin da ke bayan kujerar direba. A gida lantarki yake ci, a hanya batirin mota, in an kashe inji kuma sai a murɗa shi zuwa gas. A ciki akwai kek hawa uku, kowane hawa a farantinsa. Aikin biki na farko ke nan da aka ba Rumaisa, kuma ta rantse in kirim ɗin ya narke ta bar sana'ar.

Har Birmingham, inda za a yi bikin, matarsa Rabi'a tana toshe hanci tana dariya.

"Baban Rumaisa, yau mu ne dawakan."

"Don Allah ki bar ni in ji da hanya."

Suka tarar da zauren bikin a kulle, mai makulli ba ya ɗaga waya, rana kuma ta buɗe sosai. Wurin ajiye mota ɗaya ya rage, a gefen titi inda ƙasa ta karkace. Bara'u ya kashe inji, ya yi bisimilla, ya murɗa zuwa gas yana kau da fuska kamar zai fashe. 'Yar wuta shuɗiya ta kama.

"Ya kama! Rabi'a, zo ki gani!"

Rumaisa ta sauke waya daga kunne, ido ya raina fata. "Baba, Chloe says in motar ta karkace ba zai yi sanyi ba. Ko da wutar na ci."

Ya zuba ruwa a murfin kula, ya ɗora a kan firjin don ya ga inda motar ta karkace. Ruwan ya gudu hagu.

Ya leƙa waje. Dangin amarya sun fara taruwa a bakin ƙofa, an sha leshi da turare. Bara'u, wanda ko tambayar hanya kunya take ba shi, ya sauke gadar da doki ke hawa.

"Hajiya Aminatu, ku yi wa Allah ku hau. Ku tsaya ta dama."

"Ni? A ɗakin doki? Da wannan leshin?"

"Kek ɗin 'yarku ne a ciki."

Ta tattare zani ta hau, wasu uku suka bi ta. Ruwan ya ɗan motsa.

"Saura kaɗan. A kira Hajiya Wasilatu!"

"Wato ni ce mai nauyin ko, Malam?" in ji Wasilatu tana haki a kan gadar. "Allah ya isa!"

Ruwan ya dawo tsakiya. Wata ta rangaɗa guɗa, motar ta girgiza, Bara'u ya yi ihu kada kowa ya motsa, dariya ta ƙara ɓarkewa. Haka suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ciyawa a takalmansu, ana ɗaukar hoto, shi kuma yana durƙushe yana gadin murfin kula.

Can mai makulli ya iso a guje. Rumaisa ta dafa ƙofar firjin, ta dubi mahaifinta. Ko kek ɗin na tsaye ko ya kwanta, babu wanda ya sani tukuna.