Gidan da Ke Tsakanin Rami na Huɗu da na Biyar

Ranar da aka kafa tuta a rami na huɗu, hanyar gidanmu ta mutu. Da safe tana nan, 'yar turba ce da ta ratsa gonar marigayi surukina ta fita bakin titi. Kafin la'asar motar noma ta bi ta kanta, an watsa irin ciyawa.

Yayan matata ne ya yi wannan aiki. Ni ma Yaya nake ce masa don bin bakinta, ko da yake na girme shi. Ya je kwas ƙasar waje, ya dawo da tumbi da jakar sanduna da wani ciwo da ake kira golf. Wasu ƙwallon lambu suke ce wa wasan. Lambu kam ya ci, don na matata aka fara tugewa. Da aka raba gado, gonar ta faɗo wa Yaya, gidan da ke tsakiyarta ya faɗo wa ƙanwarsa. Sai ya tara abokansa, Likita da Injiniya da wani Alƙali mai ritaya, suka kafa kulob, suka zaɓe shi Shugaba, suka zana ramuka tara suka bar mu a tsakiya kamar gwaiduwa a cikin ƙwai.

"Hanya fa, Yaya?" in ji matata.

"Haba ƙanwata, hanya ai ba ta gagara. Bari ciyawa ta kama ƙasa tukuna."

Ciyawa ba ta kama ba. Shekarar farko tsuntsaye suka tsince irin, ta biyu rana ta ƙone abin da ya tsiro. Daga ƙarshe Injiniya ya kawo dabara: a zuba yashi kewaye da kowane rami, a kwaɓa shi da baƙin man mota don kada iska ta kwashe. Iskar ba ta kwashe yashin ba, warin ta riƙa kawo mana har gado. Na yi rayuwata ina koyar da adabi, ina da littattafai bango guda, kuma har yau duk wanda na buɗe garejin makanike nake shaƙa.

In za mu fita, sai mu tsaya a bakin ƙofa mu kaɗa wata ƙararrawa da suka rataya mana a jikin bishiya, mu jira mai sanda ya ɗaga mana hannu, sannan mu tsallaka da sauri kamar waɗanda suka yi sata. Mota ba ta isowa ƙofarmu. Ƙawayen matata sun jure zuwa na ɗan lokaci, har ranar da ƙwallo ta sami ɗaya a kafaɗa. Daga nan gaisuwa ta koma ta saƙo.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar daga littafin dokokin wasan ta fito. Ni suka kawo wa na fassara musu, na kuma fassara shi har bangon baya. Dokar farko ta ce a buga ƙwallo daga inda ta faɗi. Bayanta akwai shafuka da yawa da suke bayanin wuraren da ba a yin haka, amma ban taɓa ganin babban mutum ya wuce shafin farko na komai ba. Da ƙwallon Likita ta tsallake katangarmu, aka kai magana gaban Alƙali. Ya gyara tabarau ya ce doka doka ce, gidan yana cikin fili, saboda haka tsakar gidan fili ce.

Tun daga ranar muka zama wani ɓangare na wasan.

"Salamu alaikum, masu gida! Ƙanwar Shugaba, kin ga baƙuwata?"

"Tana bayan randa, Likita. Ta fasa mini kofi."

"Allah dai ya sa ita ba ta ji ciwo ba. Malam, ɗan janye kujerar nan. A'a, bar ta, bar ta! Alƙali ya ce ba a taɓa komai."

"To ni fa? In matsa, ko ni ma ina cikin kayan filin?"

"Kai dai kada ka yi motsi."

Ita ce doka ta biyu da suka riƙe da hannu bibbiyu: in mutum ya sunkuya kan ƙwallonsa, ba magana, ba motsi, ko tari sai ka haɗiye shi. Na sha ganin matata tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na bin gwiwar hannunta, tana jiran wani ƙato mai furfura ya gama rausaya ƙugu a gaban igiyar shanyarta. In ya buga, ta ba shi ruwa ya sha. Abokan Yaya ne, ba a yi musu rowa.

Na kai kuka taron kulob. Yaya ya saurare ni da murmushi ya ce, "Malam, wasu layi suke bi su shigo wurin nan, kai a ciki kake kwana." Aka yi dariya. Na ce to kulob ya karɓi gidan mu tashi. Injiniya ya ce ina, ai gidan shi ne gishirin filin, baƙi daga nesa suke zuwa don su buga daga tsakar gidan Malam. Wani na waje kuwa ba zai sayi gidan da sai an kaɗa ƙararrawa ake shigarsa ba. Saura kotu, gidan kuma na matata ne, ita ce mai kai ƙara.

"In kai Yaya kotu? Ciki ɗaya muka fito, Malam. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Tambayi Likita in ya shigo neman baƙuwarsa. Kullum yankewa suke yi."

Ta yi dariya, amma ba ta je ba.

A hankali ta bar wa kulob tsakar gidan. Na sa ragar waya a tagogi bayan gilashi na uku ya tafi, ta koma shanya a falo, girki a ɗaki, zama a bakin gado. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka gidan ba shi da wata hayaniya sai ƙarar sanda da tafin mutanen da ba mu gayyata ba. Wata rana tana tsefe kai ta ce, "Malam, ni ba babban gida nake so ba. Ɗaki biyu ya ishe ni, in dai zan buɗe ƙofa in ga mutum yana wucewa ba da sanda a hannu ba."

Sai ciwo ya kama ta, irin wanda yake cin mutum daga ciki ba ya gaggawa. Duk ranar asibiti a kan kujera ake ɗaukarta a tsallaka fili zuwa inda mota ke tsayawa, kuma ko a hakan sai mun kaɗa ƙararrawa mun jira. Na shiga gari ina neman wuri. Wani tsohon ɗalibina mai shagon ɗinki yana da ɗaki biyu a gefen shagon, ƙofarsu na kallon titi, ya ce in wanda ke ciki ya tashi namu ne. Ban gaya mata ba. Matar da aka ciyar da alkawarin hanya shekara da shekaru ba a kawo mata wani alkawarin. Na ce sai mabuɗi ya shigo hannuna.

Ranar da ya shigo, na dawo da yamma na same ta da ɗan ƙarfi. Ta ce in fitar da ita tsakar gida ta sha iska, ta gaji da kallon silin. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga, na sa mata matashi, na zauna kusa da ita, mabuɗin yana aljihuna.

"Baiwar Allah, ina da magana."

"Allah ya sa ba wani littafin za ka karanta mini ba."

Kafin in buɗe baki ƙwallo ta diro, ta yi tsalle biyu, ta tsaya a gefen tabarmar. Sai sallama. Yaya ne da kansa, da hular rana da gumi.

"Ah, ƙanwata, yau an fito? Madalla. Ku yi haƙuri, yanzun nan."

Na ce, "Yaya, ɗauki abinka ka fita. Muna magana."

Ita ce ta kama hannuna. Ta ɗora yatsa a leɓenta, ta girgiza mini kai, yadda ta saba. Yaya ya sunkuya. Ya gwada iska, ya ja da baya, ya leƙa katanga, ya canza sanda. Ya buga, ƙwallon ta daki bango ta dawo gabansa. Ya yi tsaki ya sake farawa daga farko. Ina jin yatsunta suna sakin hannuna kaɗan kaɗan. Da ya samu ta tsallake, ya ɗaga sanda sama don murna, ya juyo zai yi mata sannu, sai ya rage murya.

"Ta yi barci. Kada ka tashe ta, Malam, barci magani ne."

Ban tashe ta ba. Na ɗauke ta na kai ɗaki. Washegari ba ta gane kowa ba, aka tsallaka da ita fili a kan kujera, ba ta kuma dawo ba.

Na mayar wa tela mabuɗinsa. Rabin gidan ya koma hannun Yaya ta hanyar gado, ya ce in ci gaba da zama, shi ba butulu ba ne. Ina zaune. Yanzu ciyawa ta kama, ramukan sun ninka, 'ya'yan waɗancan ne suke yi mini sallama suna tambayar baƙuwarsu. Suna cewa tsohon ba ya son magana.

Abin da zan gaya mata bai fi numfashi ɗaya ba. Tashi ki ɗaure kayanki, na samo mana gida a bakin titi.